Wa ke sauraron rediyo da safe yanzu, kuma wa ya ƙirga su?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masana. Ina da ɗan shagon kayan sola, na so in ba da talla a rediyo kafin zafi ya kankama. Na je gidajen rediyo biyu a nan Kano, ba sai na kama suna ba. Na farko suka ce shirinsu na safe ne kan gaba a jihar, mutum miliyan kaza ke sauraro. Na biyu ma haka suka ce, har da takarda mai zane-zane. Kuɗin minti ɗaya tsakanin ƙarfe 7 da 9 ya fi na rana tsaka nesa ba kusa ba. To ni a gidanmu rediyon da mahaifinmu ke kunnawa bayan asuba ya daɗe a ajiye, kowa ya shafa addu'a waya yake ɗauka. Shin har yanzu safiya ce lokacin rediyo? Kuma miliyoyin nan, wa ya ƙirga su, ta yaya?

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam ɗana. A zamaninmu ba ka duba agogo da safe, rediyo ke gaya maka lokaci. Ƙarfe 6 Muryar Amurka, 6 da rabi BBC, da Faransa ta buɗe sashen Hausa a 2007 sai ta kama ƙarfe 7, 7 da rabi kuma Jamus. Kafin ka isa ofis ka san halin da duniya ke ciki. BBC tun 1957 take magana da Hausa, Jamus tun 1963, Amurka tun 1979, ga kuma Rediyon Kaduna da ake ji har ƙasashen maƙwabta. Ni dai har gobe Kchibo ɗina yana gefen katifa. Abin da ya taɓa ni shi ne ranar da aka wayi gari a Maris 2025 Muryar Amurka ta yi shiru. Na yi ta murɗa rediyo ina zaton batir ne ya yi sanyi.

Autan Gida:
Baba Allah ya ƙara girma. Amma a gaskiya ni da abokaina babu mai rediyo. Labarin da za a karanta 6 da rabi na riga na gan shi a Facebook tun daren jiya. In ma hira ce mai zafi aka yi a wata tasha, kafin azahar an yanko wurin da ya fi ɗaukar hankali an watsa a WhatsApp da TikTok. Yaya Ɗan Fagge, ka kai kuɗinka intanet kawai.

Maman Sadiq:
Auta, kai da abokanka ba ku ne Kano ba. Kullum in ana wannan magana maza kansu kawai suke gani. Ku leƙa cikin gidaje tsakanin ƙarfe 7 da hantsi. Mace tana dama koko, tana shirya yara makaranta, tana shara, hannunta ba ya da sararin latsa waya, amma kunnenta yana nan. 'Yar ƙaramar wayar nan mai maɓalli, itel ko Tecno, ita ce rediyon mata yanzu. Ba ta cin data, caji ɗaya ya kai kwanaki, a jingine ta a taga ana aiki ana ji. A layinmu in ka bi da safe, gida bayan gida murya ɗaya za ka riƙa ji ta katanga. Akwatin rediyon ne aka daina saya, sauraron yana nan.

Mai Talla a Rediyo:
Ɗan Fagge, ni a sashen talla nake aiki, bari in gaya maka inda ake samo adadin nan. Na'urar watsa shiri ta FM aikinta ɗaya ne, ta jefa murya cikin iska. Ko mutum 10 ne suka kama ko miliyan 10, babu abin da ke dawo mata. Ba wani allo a ɗakin injiniyoyi da ke nuna yawan masu sauraro. Abin da tashoshi da yawa ke yi, sai a duba iya inda muryar ke kaiwa, a ce Kano da wani sashe na Jigawa da Katsina da Kaduna, a tara yawan mutanen da ke zaune a wuraren, a rubuta a takarda. Adadin waɗanda za su iya ji ke nan, har da jarirai da wanda bai taɓa murɗo tashar ba. Shi ya sa tashoshi biyu za su nuna maka miliyoyi iri ɗaya. Lokacin da Freedom ta buɗe a 2003, da yatsu za ka ƙirga tashoshin Kano. Yau sun haura 20. Mutanen gari ba su ninku haka ba, kunnuwan ne aka rarraba.

Direban Adaidaita:
Hajiya ni ban san lissafinku ba, amma daga ƙarfe 6 da rabi zuwa 10 rediyona a kunne yake, kuma duk fasinjan da na ɗauka ya ji, ko yana so ko ba ya so. Sau da yawa ma a kan abin da aka faɗa ake musu har a sauka. Kuma ai shaida tana nan, in aka buɗe layin waya a shirin safe ba ka samun shiga.

Mai Talla a Rediyo:
Malam direba, cunkoson layi ba ƙidaya ba ce. Layi ɗaya ko biyu ne, mutum 30 sun isa su toshe shi. Kuma kai da kake sauraro kullum ka san muryoyin, kusan su ne dai jiya, su ne yau, har mai gabatarwa yana gane su kafin su faɗi suna. Tun zamanin katin zaɓi sonka haka abin yake, akwai masu son a ji su, akwai dubban da ke ji ba sa cewa uffan. Amma maganarka ta fasinja tana da muhimmanci. Rediyo ɗaya a teburin mai shayi mutum nawa ke jin sa? Wanda ya ƙirga akwatuna ba zai taɓa gano wannan ba.

Ɗalibi a Ingila:
Bari in kawo yadda ake yi a nan, ko za a samu abin ɗauka. Akwai hukuma guda mai suna RAJAR, an kafa ta a 1992, BBC da tashoshin 'yan kasuwa ne suka mallake ta tare. Wannan shi ne ginshiƙin abin, masu gasa da juna sun yarda da ma'auni ɗaya, ba kowa da takardarsa ba. Ana zaɓo mutane 'yan shekara 15 zuwa sama daga ko'ina a ƙasar, a ba kowa ɗan littafi ko manhaja ya riƙa cikewa har mako guda. An yanka yini zuwa minti 15-15, duk tashar da ka saurara na aƙalla minti 5 sai ka yi mata alama. Duk wata uku ake fitar da sakamako, kuma ranar da ya fito jaridu shirye-shiryen safe suke fara dubawa, don nan ne kasuwar take. Lokacin da Chris Evans ke gabatar da shirin safe na BBC Radio 2, masu sauraronsa a mako sun kai wajen miliyan 9, kuma bayan ya tafi a ƙarshen 2018 duk wata uku sai an auna wadda ta gaje shi da wannan adadin. Da korona ta zo a Maris 2020 aka dakatar da aikin gaba ɗaya saboda ba a shiga gidajen mutane, sai a ƙarshen 2021 aka dawo, tare da ƙarin wasu mutane da aka saka wa manhaja a waya tana gane tashar da ke tashi kusa da su. Har yanzu kusan mutum 9 cikin 10 na manya a nan suna jin rediyo a mako, sai dai da yawa ta intanet ko ta lasifikar nan da ake yi wa magana, kuma mai aiki daga gida ba ya kunna rediyon mota ƙarfe 8 kamar da.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Ɗana, to in mutum ya manta bai cike ba sai ranar da za a zo karɓa fa? Ni in ka tambaye ni abin da na ji ranar Talata da ta wuce, BBC zan ce maka, ko da ranar na makara.

Malamin Ƙididdiga:
Allah ya gafarta Baba, ka taɓo babbar matsalar littafin. Mutum yana rubuta abin da ya saba ji da sunan da ya fi zama a kansa, ba lallai abin da ya ji ba. Tsofaffin tashoshi masu suna su ke cin ribar wannan, kuma shirin safe ya fi kowane cin riba, don shi ne mutum ya ɗauka al'adarsa ce. Saboda haka ne a Amurka kamfanin Arbitron, wanda Nielsen ta saye a 2013, ya fito da wata 'yar na'ura da ake ratayawa a jiki. Kowace tasha tana cusa wata alama a cikin sautinta wadda kunnen mutum ba ya ji, na'urar kuma tana kamawa ta ajiye lokaci. Da aka fara amfani da ita a manyan birane daga 2007, sai aka ga mutane suna jin tashoshi da yawa fiye da yadda suke rubutawa, amma kowace na ɗan gajeren lokaci.

Ita ma ba ta tsira ba. Tana ƙirga duk sautin da ya ratsa kusa da kai, ko a shagon wani ka tsaya. Mafi muni, tashoshin baƙaƙen fata da na masu jin Sifaniyanci suka ga adadinsu ya faɗi warwas, suka ce ba a saka mutanensu yadda ya kamata cikin waɗanda aka ba na'urar ba. Har babban lauyan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya kai kamfanin kotu a 2008, aka sasanta bisa sharaɗin gyara yadda ake zaɓen mutanen.

Nan nake so mu tsaya, don shi ya shafe mu. Ba a buƙatar tambayar kowa. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu duka, kaɗan yake ɗiba ya duba. Amma in daga bakin buhu kawai ya ɗiba, bai san abin da ke ƙasa ba. Mutum 1,000 da aka zaɓo da kyau sun isa a san rabon manyan tashoshi a Kano, da kuskuren da bai wuce kashi 3 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Mutum 50,000 da aka samo daga masu babbar waya a cikin birni ba za su gaya maka komai ba game da Maman Sadiq da maƙwabtanta, balle mutanen Sumaila ko Tudun Wada.

Maman Sadiq:
Malam ka gama magana. An taɓa turo min saƙon tes da Turanci wai wace tasha na saurara, in amsa a ba ni ɗan kati. Ni na iya karantawa na amsa. Surukata fa, wadda rediyo ba ya mutuwa a ɗakinta daga asuba har ta kwanta? Ajami take karantawa, kuma saƙon da ba ta san mai shi ba gogewa ake yi mata. Wadda ta fi kowa sauraro ita ce ba za ta taɓa shiga lissafin ba. Wannan abu yana ci min rai wallahi.

Mai Talla a Rediyo:
Ba wai ba a yin komai a Najeriya ba. Kamfanin Media Planning Services ya daɗe yana binciken littafi irin wanda ɗalibinmu ya bayyana, kuma da shi dillalan talla na Legas suke aiki. GeoPoll kuma ta saƙon waya take yi, irin wanda Maman Sadiq ta samu. A zamanin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai an kafa kwamiti a kan samar da ma'auni na ƙasa, an yi ta bayani. Amma ni da nake zaune a teburin talla a Arewa, babu wata takarda guda da ni da abokan gasarmu da mai ba da talla muka yarda da ita gaba ɗaya. Sakamakon da ake da shi ma sayensa ake yi, ƙaramar tasha ba ta da kuɗin.

Ku dubi abin da hakan ke haifarwa. Babban kamfani ba ya zuba kuɗi inda ba a nuna masa lamba ba, sai ya ba mu ragowar abin da ya rage daga Legas da Abuja. Mu kuma ga dizal, ga albashi, ga kuɗin lasisin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 komai ya ƙara tashi. To wa ke zuwa da kuɗi a hannu ba ya tambayar lamba? Ɗan siyasa mai sojojin baka, da mai maganin da ke warkar da cuta 40. Su suke sayen fili. Duk mai ƙorafin cewa rediyo ya cika da zage-zage da tallan magani, ya sani rashin ƙidaya mai inganci yana cikin dalilan.

Autan Gida:
To Anti ai shi ya sa na ce intanet. Can ba a ƙarya, kana gani a rubuce, mutum 40,000 sun kalla.

Malamin Ƙididdiga:
Auta, Facebook ya daɗe yana lissafa daƙiƙa 3 a matsayin kallo. Wanda yatsansa ya ɗan tsaya a kan bidiyo kafin ya wuce, an ƙirga shi. In ya dawo anjima a sake ƙirga shi. Ka haɗa wannan da matar da ta yi awa biyu tana jin shiri ɗaya, ka ce wanne ne sauraro? Ka duba lambar da ke saman allo lokacin da tasha ke watsa shirin safe kai tsaye a Facebook, ita ce ta masu kallo a wannan lokacin, za ka ga ba ta kusa da waccan ba. Kuma cikinsu akwai 'yan Kano mazauna Saudiyya da Legas, waɗanda ba za su sayi sola a Fagge ba. Lambar intanet tana da amfani, amma saboda ita ce kaɗai ake gani da ido, sai shugabannin tashoshi su fara tsara shiri don ita, su manta da mafi yawan da ba a gani.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar safiyarmu ta canza ba don waya kaɗai ba. A Agusta 2023 hukumomi suka rufe rediyon Faransa RFI a kan FM, a Disamba 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku. Tsofaffi suka kakkaɓe rediyon gajeren zango, matasa suka koma salula, wasu suka koma tashoshin gida irin su Anfani da shirye-shiryen Studio Kalangou da rediyoyin karkara ke ɗauka. Wannan babban sauyi ne, ya faru a gabanmu. Sannan garuruwan bakin iyaka da yawa tashoshin Katsina da Jigawa da Kano suke kamawa, kuma kasuwanninku suke ci. Mai binciken Najeriya yana tsayawa a iyaka, na Nijar kuma ba ya tambaya a kan tashar Najeriya. Waɗannan mutane ba sa cikin littafin kowa.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Ni fa 'ya'yana ina jin tsoron wannan ƙidaya da kuke nema. Ranar da aka fara auna kowane shiri da yawan kunnuwa, shirin manoma da na lafiyar mata masu ciki da na yara su za a fara yankewa, a cika wurin da waƙa da musun ƙwallo. Rediyon Kaduna da ya wayar da kan Arewa ba da lamba ya yi ba, sanin jama'arsa ya yi.

Ɗalibi a Ingila:
Tsoron Baba yana da tushe. A Janairu 2023 BBC ta rufe rediyon sashen Larabci bayan shekara 85, hujjar ita ce tsimin kuɗi da cewa jama'a sun koma intanet. Watanni kaɗan bayan haka yaƙi ya ɓarke a Sudan, intanet da wuta suka yi ta yankewa, dole ta buɗe wani shirin gaggawa ta gajeren zango. Na Hausa ya tsira a wancan karon. Amma masu yanke irin wannan hukunci a Landan ko Bon ta Jamus lamba suke dubawa, ko muna so ko ba ma so.

Mai Talla a Rediyo:
Baba ranka ya daɗe, ai shi ya sa nake ganin ƙidayar gaskiya ita ce za ta kare shirin manoman. Yanzu ma ana auna shi, da lambar Facebook, inda manomi ba ya nan. In aka je ƙauye aka tambaya, ina da yaƙinin za a ga shirin da ake rainawa a birni shi ne ake jira a can, kuma mai sayar da taki da iri zai biya kuɗinsa. Rediyon Kaduna gwamnati ce ke ɗauke da shi, mu kuwa in ba talla a rufe za a yi.

Ɗan Fagge, kafin a samu wannan, ga abin da za ka iya. Kada ka sayi miliyoyi. Ka saka talla a tasha ɗaya na mako biyu da lambar waya ta daban, a ɗayar ma haka da wata lambar, kuma duk wanda ya shigo shago a tambaye shi a ina ya ji. Ka gwada safe, ka gwada bayan isha'i, don a Kano shirye-shiryen dare na siyasa da rahotanni suna da jama'a sosai, ba kamar Ingila ba inda safiya ta rinjayi komai.

Ɗan Fagge:
Na gode Hajiya, haka zan yi in sha Allah. Malam, in da za a ce tashoshin Kano su haɗa kuɗi su yi irin na Ingila, me za a fara da shi?

Malamin Ƙididdiga:
Su fara da yarda cewa ba tashar da za ta riƙe aikin. A ba wani wanda ba ya da tasha, jami'o'inmu suna da sassan koyar da aikin jarida da na ƙididdiga da za su iya, kuma a buga yadda aka zaɓi mutanen kowa ya gani. Baki da baki za a yi, da Hausa, a ƙananan hukumomi 44, ba cikin birni kaɗai ba. A tambayi abin da mutum ya ji jiya, kada a ce mako, don jiya ce ake iya tunawa. A tambayi inda ya ji, gida ko gona ko adaidaita ko teburin mai shayi, da kuma ko rediyo ne ko waya. Kuma sau ɗaya a shekara ba zai wadatar ba. Safiyar azumi daban take, ana ji da sahur a koma barci, ga tafsiri ya karɓe wasu lokutan. Safiyar damina ma daban, manomi ya fita tun duku-duku da rediyonsa a rataye. Ƙaramar tasha kuma ta yi haƙuri da sakamakon zagaye ɗaya, don in kashi 2 cikin 100 ke jin ta, mutum 20 ne kacal cikin 1,000, sai an tara zagaye da yawa kafin a ce ta hau ko ta sauka.

Maman Sadiq:
Malam a ƙara da wannan, rabin masu tambayar su zama mata. Namiji baƙo zai tsaya a zaure ne, maigida ya fito ya amsa da sunan kowa, ya ce gidan nan BBC ake ji, alhali yana fita ƙarfe 7 ake murɗawa zuwa wata tasha. Kuma kada su zo da sassafe lokacin da ake fama da yara, su bari sai bayan azahar.